Tagwayena kamarsu ɗaya, me ya raba lafiyarsu?

Tambaya: Likita, Hassana da Husainata kamar an tsaga kara, kakarsu ma sai ta duba tabon goshi take rarrabe su. Yanzu shekarunsu 34, Hassana na fama da ciwon suga, Husaina kuwa garau. Ba jininsu ɗaya ba?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Hassana lafiya. Gaskiyarki, DNA ɗinsu, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, kusan ɗaya ne. Amma ko littafi ɗaya ne, ba kowane shafi ake buɗewa ba.

Akwai wani ɗan sinadari, metil, ƙwayar kabon ɗaya da haidirojin uku. Yakan manne kamar alama a harafin C, ɗaya daga cikin haruffa huɗu na rubutun DNA, galibi inda harafin G ke biye. In ya taru a ƙofar wata ƙwayar gado, sau da yawa sai ta yi shiru, alhali rubutun bai canza ba.

A 2005 masana a Sifen sun duba tagwaye, mutum 80. 'Yan shekara 3 alamominsu na metil kusan ɗaya, na 'yan shekara 50 kuwa sun bambanta sosai, musamman waɗanda suka daɗe a rabe. Abinci, sigari da shekaru duk suna taɓa waɗannan alamomi.

Ni yanzu Husaina ce ta tsaya mini a rai, don gadonsu ɗaya. Don Allah Hajiya, ki sa ta je a auna sugarta cikin watan nan.