Zanen dutse a Birnin Kudu: yaya za mu shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, ina so in kai ɗalibaina 18 su ga zanen dutsen Birnin Kudu. Yaushe ya fi dacewa, kuma me za mu riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku je da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina dutse na santsi, ciyawa ta rufe hanya, ga fargabar maciji.

Ku tashi bayan sallar asuba, ku bi ta Wudil, tafiyar awa biyu da 'yan kai ce. Da kun isa, a fara gaida masu gari, a nemi mai kula da wurin, domin yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. In ba ɗan jagora, sai ku wuce Dutsen Mesa ko Dutsen Habude ba ku ga komai ba: shanun da aka zana galibi jajaye ne, sun koɗe, suna maƙale a ƙarƙashin rumfar dutse. Sai an durƙusa an ƙura ido kafin ƙaho da gadon baya su fito.

Don Allah, Malam, kada yaro ya watsa wa zanen ruwa wai don ya fito a hoto. Ruwa da gumin hannu su ke cinye launin, kuma ba ya dawowa. Ku tambayi jagoran ya nuna muku duwatsun kiɗa, waɗanda in an buga suke amo kamar kuge.

Kowane yaro lita biyu ta ruwa, hula, da takalmi sau-ciki. A bar turare a gida saboda ƙudan zuma. Ku riƙe tsabar kuɗi, har da na goron jagora.