Filin Kawu Bakanike: Lagireton 504 ɗin Baba, a sake masa raga ko a tafi Ladipo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana Peugeot 504 haɗin Kaduna ta 1984, ta fi shekara goma a kafe a bayan gida an rufe ta da tamfol, bana dai na ce sai na tada ta. An yi inji an yi fenti an ɗinke kujeru, ta tashi lafiya lau, amma ran da na fita gwaji ko Ikeja ban kai ba allurar zafi ta haura, na faka na buɗe bonet sai ga ruwa na tsatsafowa ta jikin lagireto, kuma in ka shafa ragar nan ta tsakiya sai ta dinga marmashewa kamar busasshiyar kuka. Bakanikena ya ce mu je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta nan Legas, mu sayo na alminiyon na wata motar a yi masa kunnuwa a ɗaura, wani dattijo mai gyaran lagireto kuma ya ce a'a in kawo masa ya sa sabuwar raga, sai dai kuɗinsa ya fi. Dan Allah Kawu wanne zan bi? Daga Nura, Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam Nura ɗana, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Bi dattijon nan. Na faɗa maka tun yanzu ne don kar surutuna ya gundure ka, amma fa akwai sharaɗi ɗaya, zan zo kansa.

Lagireton motocin wancan zamanin abu uku ne aka haɗa, tankin sama, tankin ƙasa, sai ragar tsakiya. Tankunan tagulla ne, ragar kuma siraran bututaye ne na tagulla da ruwa ke bi, tsakaninsu an jera ganyen jan ƙarfe mai laushi wanda shi ne yake miƙa wa iska zafin, duk an liƙe su da dalma. To abin da aka liƙe da dalma ai wuta na warware shi, shi ya sa ake iya cire ruɓaɓɓiyar raga a mai da sabuwa a kan tankunan asali. A 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa Fijo a Kaduna, wannan sana'ar kuma ta daɗe a ƙasar nan, masu yinta ne dai suke ƙarewa don yara yanzu kowa cirewa da sakawa ya iya.

Wannan marmashewar da ka ce ita ta yanke hukunci. Da toshewa ce kawai da sai in ce a cire tanki ɗaya a soke bututayen da siririn ƙarfe a wanke a mayar, amma ganyen da ya ruɓe ba ya dawowa, kuma shi ne yake tallafe bututun, in ya zube bututun sai ya riƙa kumbura yana fashewa, yau ka toshe nan gobe can ya ɓalle. Iskar Legas akwai gishiri ga laima, kai kuma ka lulluɓe ta da tamfol shekara goma kamar mai turara dambu, ta ciki kuma ruwan da aka bari yana kwance yana nasa aikin. Kar wanda ya ce maka a zuba ƙwai ko garin kwaki ko barkono, wlh na sha cire tanki in tarar da abin da ya fi kama da miya a ciki, dabarar direban hanya ce don ya kai gari, ba ta mai tada motar uba ba.

Ga sharaɗin. Ran da zai buɗe ka je ka tsaya a kansa, ka sayo masa lemo ka nemi benci. Za ka ga ya kunna wutar gas yana bin bakin tankin a hankali, dalmar na ɗiga ƙasa kamar hawaye, ya ɗan ƙwanƙwasa tankin ya fita. In ya wanke shi ya kankare, ka karɓa ka ɗaga shi saitin rana ka leƙa. In haske na shigowa ta ƙananan huji kamar na allura, ko ka ga tabo jaja-jaja mai kamar hoda a jikin tagullar, to ita ma ta mutu, sinadarin zinki ya fice daga cikinta ta zama gautsi, ɗora sabuwar raga a kan wannan asarar kuɗi ce. Tsagewa ɗaya ko lotsawa ba komai ba ne, ana gyarawa. In tankin ya mutu sai a nemi wani tsohon lagireton 504 a Ladipo ko kasuwar tsoffin ƙarafa ta Owode Onirin a ciri tankinsa, ko da ragarsa ta ruɓe ba ruwanka, tankin kake so.

Sai awo. A auna tsawo da faɗi da kaurin tsohuwar ragar kafin a jefar da ita, kuma a sa alama inda kunnuwan gefe suke don in an karkata su ko kaɗan hujin kusoshi ba zai hau ba. Za su ce maka a ƙara layin bututaye, mai layi biyu a mai da shi uku. In bakin tankin zai ɗauka ba laifi, amma ka duba tazarar da za ta rage tsakanin raga da fanka, in ta matse kuma robar kujerar inji ta saki, burki ɗaya mai ƙarfi fankar za ta yanka sabuwar ragar a gabanka. Kuma kauri ba shi kaɗai ne sanyi ba, a goslon gadar Third Mainland mota ba ta gudu balle iska ta shigo da kanta, fankar ce kaɗai ke ja, in raga ta yi kauri fanka ba ƙarfi to an gudu ba a tsira ba. Yawancin 504 fankarsu mai maganaɗisu ce, sai inji ya yi zafi take kamawa, a tabbatar tana kamawa ɗin.

In ya gama liƙi kar ka yarda da "oga e don set", wato wai aiki ya kammala. Ya toshe bakunan ya hura iska ya nutsa shi cikin baho ka gani da idonka, ko kumfa ɗaya ta taso a sake. Fenti kuma baƙi shafe ɗaya siriri ya isa, mai kauri yana riƙe zafi kuma da shi ake ɓoye aikin banza.

Ba wai na alminiyon ba ya sanyaya mota ba ne, yana yi sosai. Matsalar na wata motar ne, bakin tiyo ba a inda naka yake ba, sai an lanƙwasa tiyo an yanka gaban mota an yi walda, motar da ka kashe kuɗin fenti. Tankinsa kuma roba ce da aka danne da haƙoran ƙarfe, ran da ta tsage sai dai bola. In aljihu ya ƙi dole sai shi, to ka sa, amma tsohon ka wanke shi ka adana a ɗaki kar ka bar wa 'yan gwangwan.

Yanzu kafin a ɗaura sabon, a wanke cikin injin sosai har ruwa ya fito fari, in ba haka ba tsatsar shekara goma za ta taso ta toshe maka sabbin bututaye cikin sati. A canza tiyo na sama da na ƙasa da fambel, a duba famfon ruwan injin ko yana yoyo. Murfi ka sayi sabo mai lamba daidai da ta asali, don murfin ne yake riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, mai ƙarfin matsi "bar" ɗaya yana kai shi wajen digiri 120, amma in ka sa wanda ya fi ƙarfin tsohon tanki shi zai fasa maka liƙin. Tamostat kuma, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, na san za a ce ka cire wai nan ba Turai ba ce, kar ka cire, ka jefa shi a ruwan zafi ka ga yana buɗewa, in ba ya yi ka sa sabo. Kuma dan Allah ka rabu da ruwan rijiya da na bohol, bulok ɗin 504 baƙin ƙarfe ne kansa kuma alminiyon, ga tagulla ga dalma, in suka haɗu a ruwa mai gishiri cin juna suke. Kulant za ka sa, wato ruwan lagireto na kanti, in mai sirki ne ka sirka da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ruwan fa na ce ba asid ba. Tunda kuma ta riga ta yi zafi sau ɗaya, ka duba man inji, in ya koma kamar shayi da madara ko ka ga kumfa na ta tasowa a bakin lagireto inji na aiki, gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da bulok ya ƙone, sai ka sake rubuto min.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ma mijina ya sayo tsohuwar Volkswagen Beetle zai gyara, tana zafi sosai, ko ita ma ragar lagireton za a sake? Daga Maman Ilham, Idi-Araba.

AMSA: Lafiya lau 'yata. Ki ce wa maigidan duk wanda ya karɓi kuɗin lagireton Beetle a hannunsa ya bi shi ya karɓo abinsa, don ba ta da shi sam, iska ce ke sanyaya ta. A nan Ojo kan hanyar Badagry aka riƙa haɗa su tun 1975, Yarbawa na ce mata Ijapa wato kunkuru. Ya buɗe bayanta ya duba fambel ko ya saki, ya duba gwangwanayen da suka kewaye injin ko an cire wasu an yar, don su ne ke bi da iska kan silinda, ya duba robar da ta zagaye ɗakin injin, sannan a wanke kular mai, wato abin da ke sanyaya man inji, a kuma daidaita tayimin. In ta kwana biyu a ajiye ya leƙa cikin gidan fankar ma, ɓeraye na son yin sheƙa a wurin.