Me ya sa ake yin kayan injiniya da ramuka marasa tsari?

Malam, ka tambaya daga Gusau ko ramukan da ba su jeru ba ba sa rage ƙarfin ƙarfe ko roba. Sau da yawa ma sun fi ramukan da suka jeru ba shi juriyar tsagewa.

Idan ramukan sun jeru daidai kamar saƙar zuma, tsaga tana samun miƙaƙƙiyar hanya, ta keta har ƙarshe. Idan sun sha bamban a girma da wuri, sai ta yi ta karkata, ƙarfinta yana ƙarewa. Fasa ƙashin saniya daga mahauta ka duba cikinsa ta wajen gaɓa: kamar soso yake, ramukansa ba su jeru ba, ga shi ba nauyi. A nan Argungu na kan nuna wa ɗalibaina wannan, domin abin yana burge ni ƙwarai. Amma in rashin tsarin ya yi yawa, wasu wurare za su yi siriri su fara karyewa.