Ɗora injin gazuwal a kan tsohuwar bwat otomatik ta Land Cruiser

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tawa nake. Ina da tsohuwar Land Cruiser FJ62 mai bwat otomatik, gadon mahaifina ce. Injinta na esansi ya gaji, ga shan mai ba kaɗan ba. Na samu injin gazuwal 1HZ da aka cire daga mota mai ambriyaji. Wani bakanike ya ce zai yanko farantin ƙarfe ya huda, ya haɗa injin da bwat ɗin. In ba shi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya jiƙan mahaifi. Aikin yana yiwuwa, amma ba da farantin da aka huda da ido ba.

Bwat ɗin da ke cikin FJ62 ita ce A440F ta kamfanin Aisin, mai bitesi huɗu. Sa'arka ita ce ƙarfin man da ke cikinta ne ke sarrafa ta, ba kwamfuta ba, don haka ba ruwanta da wayoyin injin. Matsalar tana baki. Injinka 3F ne mai lita 4, shi kuwa 1HZ mai lita 4.2 ya fito a 1990, kuma ramukan kusoshin bayansu ba su zo ɗaya ba. Sai dai ƙoƙon nan na gaban bwat, wanda ke rungume injin, yana kwancewa. Toyota ta taɓa ɗora wannan bwat a bayan injinan gazuwal, har da 1HZ ɗin. Abin da za ka nema a wurin masu kayan tsofaffin motoci, a Yamai ko Sakkwato ko Kano, abu uku ne kuma daga mota ɗaya: ƙoƙon da ya dace da 1HZ, konbertiser na gazuwal (wato abin da ke kai ƙarfin injin ga bwat ta hanyar mai, a madadin ambriyaji), da siririn faifan da ake ɗaure konbertiser a jikinsa. Injin da ka samu da faifai mai nauyi na ambriyaji ya zo, wannan fita zai yi.

Me ya sa na ƙi farantin? Tsakiyar injin da tsakiyar bwat dole su kalli juna daidai, kaucewar da ake yafewa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan kai ba. Hannu da alli ba su bayar da wannan. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, kowa ya yi murna, bayan ƴan watanni jan mai ya fara ɗiga daga gaban bwat, faifan ya tsage, famfon mai ya cinye kansa.

Ranar haɗawa ka tsaya a garajin da kanka. A fara cusa konbertiser cikin bwat, ana juya shi ana turawa har ya faɗa ciki sosai ya kama famfo, sannan a kawo injin. Bayan an ɗaure ƙoƙon, ya kamata konbertiser ya riƙa juyawa da hannu, da ɗan rata na milimita 3 zuwa 5 kafin ya taɓa faifan. In ka ga ana jawo bwat da ƙarfin kusoshi don ta ƙi zama, ka ce a tsaya, famfon ake karyawa.

Inda aka fi kashe waɗannan bwat ɗin shi ne kebul ɗin da ke tashi daga totur ya shiga cikinsu. Yawancin yaran garaji sun ɗauka aikinsa kawai saukar da bitesi in ka danne ƙafa za ka wuce wata mota, shi ya sa in bai kai ba sai su ɗaure shi da waya ko su bar shi yana lilo. Alhali shi ne ke faɗa wa bwat nauyin da injin ke ɗauka, ta ƙara matsin mai a kan fayafayan ciki. In ya yi sako-sako, matsin zai yi ƙasa, fayafayan su riƙa santsi suna ƙonewa, ba ka kai Abalak ba man ya yi baƙi yana warin ƙuna. Injin gazuwal kuma ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa, 1HZ yana bayar da iyakar murɗinsa wajen juyi 2,200 a minti, daidai lokacin da ƙafarka ba ta yi nisa a kan totur ba. Dole a ƙera wa kebul ɗin mazauni a jikin famfon gazuwal yadda zai ja daga farko har ƙarshe tare da totur, sannan a auna matsin man da agogon awo. 

Sai zafi. Kai ka san Tawa a watan Afrilu da Mayu, digiri 40 ba labari ba ne, ga rairayi in ka sauka daga kwalta, inda konbertiser ke ta dama mai yana tafasa shi. Radiyater ɗin FJ62 yana da hanyar sanyaya man bwat a cikinsa, na motar ambriyaji ba shi da ita. Ka riƙe naka, ka ƙara ƙaramin radiyater na mai a gaba. Mai kuma Dexron, ba man injin ba.

Kada a motsa bwat daga mazauninta, ƙafafun injin ne za a sake, kardan biyu su tsaya yadda suke. A duba demarer ɗin 1HZ ko na bolt 12 ne ko 24, kuma a haɗa tiyon birki da famfon iskar injin.

In kayan nan uku sun ƙi samuwa, ni dai da motata ce sai in nemi bwat ta hannu H55F mai bitesi biyar wadda ta zo da 1HZ, a sa feda na uku. Kowane bakanike daga Tawa har Agadas ya san cikinta.