Kafin ka ɗora wa kamfanin Legas citta bashi

Tambaya: Ina sayen busasshiyar citta daga Kachia ina tarawa a sito nan Kaduna. Wani kamfani daga Legas ya ce zai ɗauki tirela guda, ya biya rabi yanzu, sauran bayan kaya sun bar tashar jirgin ruwa. Yarona da ke karatu a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ya ce a laburare ana iya binciko kamfani da harkar baki ɗaya. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, yaron bai faɗi ƙarya ba, sai dai ba daga laburare za ku fara ba.

Ka nemi su turo maka cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa ta RC. Yaron ya shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a wayarsa, bincike kyauta ne. Zai ga ranar rajista, adireshi, da ko kamfanin na raye a takarda ko an yi masa alamar ba ya aiki, abin da yakan samu wanda ya daina kai rahoton shekara. Kamfanin da aka yi wa rajista bara ba laifi ya yi ba, amma ni ba zan bar masa rabin kuɗin tirela ba. Sannan ka ce su nuna maka takardar shaidar masu fitar da kaya ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje. Wanda ke fitar da citta da gaske ba zai yi nauyin hannu wajen turo ta ba. Sunan da ke asusun da za su biya ka kuma ya zama sunan nan na CAC, ba na manaja ba.

Yanzu ga inda laburare ke da amfani. Jami'o'i kan biya kuɗin shiga rumbunan bayanai irin su EBSCOhost, inda ake samun mujallun kasuwanci da rahotannin masana'antu, ɗalibi kuma yana da ikon shiga. Kada ya zauna yana lalube shi kaɗai. Ya je wurin ma'aikacin sashen kwamfuta na laburaren ya ce: "Citta nake bincike, wa ke saye, nawa ake saye?" Aikinsu ke nan, mutane ne dai ba sa tambaya. Amma ya sani cewa waɗannan rumbunan manyan kamfanoni suka fi sani. Ƙaramin kamfani mai ofis ɗaki biyu da wuya ya fito, rashin fitowarsa kuma ba hujjar damfara ba ce.

Abin da zai fi yi maka rana shi ne Trade Map, shafin intanet na alƙaluman ciniki tsakanin ƙasashe, na cibiyar kasuwancin ƙasa da ƙasa ta ITC da ke Janeba. Ya sa lambar 091011, wato cittar da ba a niƙa ba, ya zaɓi Najeriya. Ƙasashen da ke sayen tamu za su jero, da yawan tan, da matsakaicin kuɗin tan ɗaya da dala. Ka juya shi zuwa naira, ka cire kuɗin mota, buhu da tashar ruwa, sai ka ga ko tayin da suka yi maka ya yi kama da hankali. Idan sun yi maka tayin da ya wuce abin da su kansu za su samu a waje, to rabin nan na biyu ba zuwa zai yi ba.

Alƙaluman kan zo a makare, ka lura. Cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta hargitsa farashi tun kafin ta bayyana a kowane jadawali, don haka farashin yau a bakin dillalan Kachia za ka ji shi.

Babu rumbun da zai gaya maka ko suna biyan bashi. Ka nemi sunayen mutum biyu da suka taɓa sayar musu, ka kira su da kanka. In ba su kawo ba, kuɗi a hannu kafin a ɗaure tamfol.