Ƙwarin da suka ƙone a jikin salansa da gilashin babur

Ɗan'uwa, ka ce ƙwari sun manne a gilashin babur ɗinka, wasu kuma sun ƙone a salansa, wanki ya ƙi fitar da su. Maganin jiƙawa ne, ba ƙarfin hannu ba.

Gilashin babur galibi roba ce, shi ya sa yake saurin karcewa. Ka tsoma tawul a ruwan ɗumi mai ɗan sabulu, ka shimfiɗa a kai kamar minti 15. Ƙwarin za su yi laushi, sai ka share da tsumma mai taushi, kana ɗauraye shi a kai a kai, domin ɓawon ƙwaro ɗaya da ya maƙale a tsumma ya isa ya ja maka dogon layi. Kada fetur ko ruwan goge tagar gida mai sinadarin amoniya ya kusanci gilashin. Suna dusashe roba, har ta fara tsattsagewa. Kada kuma ka goga shi a bushe, ko da wasa.

Salansa sai ta huce sarai. A jiƙa ta haka nan, amma a daɗe. Idan mai ƙyalli ce, kwaɓa bekin soda da ruwa, ka murza a hankali, sannan ka bi da man goge ƙarfe. Mai baƙin fenti, ni dai ba na wuce ruwa da sabulu, don gogewa na barin tabo mai sheƙi. Kafin ka tayar da inji, share duk ragowar mai da shatin yatsu, in ba haka ba zafi zai gasa su a jikin ƙarfen.