Ku Tambaya Mu Amsa: Wai mai waƙar Convoy direban tirela ne da gaske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Akwai wata tsohuwar waƙar Amurkawa irin ta kantiri mai suna Convoy, na ji ta a YouTube, mutumin ma ba rerawa yake ba surutu kawai yake kamar mai magana a oba-oba, ga ƙarar manyan motoci. Don Allah abin da yake faɗa ya faru ne da gaske? Kuma shi mai waƙar, C.W. McCall ɗin, direba ne? Daga wani mai karatunmu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. A'a, bai faru ba, kuma wanda zai fi ba ka mamaki shi ne babu ma wani mutum da aka raɗa wa C.W. McCall, ƙirƙirarsa aka yi don a sayar da burodi.

Mai muryar nan sunansa Bill Fries, haifaffen jihar Iowa a 1928, kuma ma'aikacin kamfanin talla ne, Bozell & Jacobs da ke Omaha a jihar Nebraska. A 1973 aka ba shi aikin tallan wani burodi, Old Home Bread, sai ya ƙirƙiro direban motar burodi da ke tsayawa wani gidan abinci a bakin hanya yana ɗan zolayar mai kawo abinci, Mavis. A talabijin ɗan wasa ne ke fitowa a matsayin direban, Fries murya kawai yake sawa. Tallan ya karɓu sosai har ya ci kyautar Clio a 1974, wadda ɗaya ce daga cikin manyan kyaututtukan masu talla, daga nan ne shi da abokin aikinsa mai haɗa kiɗa Chip Davis suka ga ai wannan direban na bogi zai iya fitar da faifai, suka fara sakin waƙoƙi da sunansa.

Amma fa ba za ka gane me ya sa Convoy ta yi wannan tashen ba sai ka san halin da direbobin Amurka ke ciki lokacin. A watan Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin shekarar, mai ya yi tsada, layi ko ina, sai a Janairu 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ce kar wanda ya wuce mil 55 a awa ɗaya, wajen kilomita 89 kenan, wai don a rage shan mai. To ka duba direban da motar tasa ce, abin da zai samu ya danganta da yawan nisan da ya ci, ga dizal ya hau sannan an ce ya tafi a hankali, ai an taɓa masa tuwo. Har yajin aiki suka yi suka tare manyan hanyoyi. Makaminsu shi ne rediyon CB, wata oba-oba da ake sawa a mota, na gaba ya gaya wa na baya inda 'yan sanda suka laɓe da gidan man da ke da mai, sai su jeru su taka wuta tare, ɗan sanda wa zai kama wa zai bari? Kowa da laƙabinsa, kuma suna da zaurancensu, 'yan sanda ma beyar suke ce musu.

Wannan zaurancen su Fries suka kwasa suka zuba a waƙa a 1975. Labarin wani direba ne mai laƙabin Rubber Duck, wato agwagwar roba, ya taso daga yamma da motoci uku, kafin garin Tulsa sun kai 85, wajen Chicago sun kai dubu, suka yayyaga takardun aikinsu suka ƙi tsayawa awon nauyin kaya, aka turo musu sojoji a banza, ƙarshe suka ɓalle shingen biyan kuɗin gada suka shige New Jersey. Ni inda ya fi ban dariya shi ne Pig Pen mai ɗauke da aladu, wari ya ishi Rubber Duck sai cewa yake ya ja baya, ya ƙara ja baya, can ƙarshen waƙar da aka tambaye shi ina yake ashe yana Omaha, garin da marubutan ke zaune. Amshin waƙar kam gaskiya ba wani abu ba ne, surutun ne ke ɗauke da ita.

Ta yi sati shida tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, a Janairu 1976 kuma ta hau saman Billboard, jerin waƙoƙin Amurka gaba ɗaya, a Ingila ta zo ta biyu. Mutanen da ba su taɓa hawa tirela ba suka dinga sayen CB, har matar shugaban ƙasa Betty Ford sai da ta yi laƙabi, First Mama, cunkoso ya yi yawa hukuma ta ƙara tashoshin daga 23 zuwa 40 a 1977. A 1978 Sam Peckinpah ya mai da ita fim, Kris Kristofferson ya fito a Rubber Duck, masu sharhi sun kushe shi amma ya kawo kuɗi.

Shi dai Fries bai daɗe a harkar waƙa ba, ya koma wani ƙaramin gari cikin duwatsun Colorado, Ouray, aka zaɓe shi magajin gari a 1986, ya rasu a 2022 yana da shekara 93. Chip Davis kuwa ya yi suna da ƙungiyarsa Mannheim Steamroller da kiɗan Kirsimeti. Dokar mil 55 ɗin sai 1995 aka soke ta gaba ɗaya aka bar wa kowace jiha ta yanke nata.